Gobarar Rumbun Ɗan Baba

Shebur, rariya, buhu biyu, ankwa, salkar ruwa. Abin da ke bayan motar jandarma ke nan lokacin da ta bar hanyar Safo ta gangara cikin yashi. Shef Lawali, shugaban birgad, wato ofishin jandarma, ta Madarumfa, shi ke tuƙi. Bai tambayi kowa hanya ba. Ragowar hayaƙin da ke sama ya ishe shi.

Watan Mayu ne na 1974, ranar Juma'a, bayan la'asar. Damina biyu sun wuce ba albarka. Tabki ya ja baya ya bar ƙasa a tsattsage. A bakin wannan busasshen fili Tungar Ɗan Baba take, gida ɗaya babba, tsoho da ƙanensa da 'ya'ya da jikoki, duk gandu ɗaya suke nomawa. Rumbun gandun ne ya ƙone.

Kowa a ƙasar ya san abin da hakan ke nufi. Bayan girbi ake rufe rumbun gandu. Da rani kowa ya nemi abin kaiwa baki inda ya samu. Ba a buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka, don masu noma su sami ƙarfin riƙe hauya. Cikin makon nan an yi ruwa a garin Sarkin Yamma. Nan ma ana jiransa.

Ɗan Baba na zaune a ƙasa, idanunsa sun yi yana, carbi a hannu. Ƙanensa Ɗan Azumi na tsaye a kansa, shi ya tarbi Lawali ya kai shi bakin tokar. Wani abu fari da ja, tsawon kamu ɗaya, yana nan a soke cikin ƙasa, kai a ƙasa, gindi a sama. Wuta ta babbake gindin. Fikafikai uku na manne da shi, na huɗu ya ɓalle yana gefe.

"Rokar Mushe Yahaya ce, malamin makaranta," in ji Ɗan Azumi. "Da idona na ga ta faɗo."

"Ba ka je masallaci ba?"

"Kullum namiji ɗaya ke zama gadin gida, ranka ya daɗe. Yau ni ne."

"Faɗa mini yadda ka gani."

"Ina zaure na ji ƙara. Na ɗaga kai, ga ta nan tahe kamar mashi, wuta na fita ta bayanta. Ta bugi jinka ta faɗo nan. Kafin in ɗebo ruwa an gama."

Lawali ya ɗauko shebur ya haƙa tsakiyar tokar har ya taɓa ƙasa. Ya sa hannu, ta huce. Ya tankaɗe shebur bayan shebur. Abin da ya tsaya a rariya bai cika tafin hannu biyu ba. Ya juye shi cikin buhu, ya zare rokar ya sa cikin ɗayan, ya jefa fiffiken da ya ɓalle a aljihu.

Wata tsohuwa ta kawo masa ruwa a ƙwarya. Delu ce, uwargidan Ɗan Baba.

"Inna, kuna ina lokacin?"

"Muna fadama wajen ban ruwa, mu da yara. Hayaƙi muka hango."

Ya dubi kaji suna tono ƙarƙashin ƙananan rumbunan mata, can gefe.

"Kajinku ba su zuwa nan wajen babban?"

"Da nan suke wuni. Tun sanyi suka daina. Na ce ko maciji ne ya shiga ƙarƙashi."

"Wa ke hawa ya duba shi?"

"Ɗan Azumi mana. Mai gida ba shi gani. Shi ma ya sake mai jinka da sanyi, Allah ya saka mai."

A birgad ya tarar da saƙon suparfe, mai mulkin yankin. Soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuma da maganar yunwa suka karɓe shi. Wanda ya ƙona hatsi a irin wannan shekara ba a tsayawa dogon zance da shi. Saƙon ya ce a kai malamin zuwa Maradi gobe kafin azahar.

Mushe Yahaya na cikin ɗakin tsaro. Mataimakin Lawali ne ya ɗauko shi daga gida lokacin da mutane suka taru a ƙofarsa da sanduna. Siriri ne, mai tabarau, malamin lakwal, makarantar boko. Ya yi karatu a Kanada, ya dawo da akwati ɗaya na littattafai da sha'awar da babu wanda ya gane kanta.

"Kana ina da azahar?"

"Gida. Zazzaɓi ya kayar da ni."

"Wa ya gan ka?"

"Babu."

"Ka harba wani abu yau?"

"Jiya Alhamis na harba. Na ɗauke ta na koma gida."

"Mi ne ne abin nan, a taƙaice? Makami?"

"Takarda ce da katako mara nauyi, Shef. A kwali take zuwa, gunduwa-gunduwa, da zanen yadda za a haɗa. Wagga mu muna ce mata Tsattsewa. Na haɗa irinta ina ɗalibi, sai masu yi suka daina. Bara suka sake fito da ita, kamar yadda take da, har launin. Wani abokina ya aiko mini kwali uku."

"Uku. Ina sauran biyun?"

"Ɗanjuma mai rediyo ya ɗauki ɗaya. Sani direba ya ɗauki ɗaya. Mu uku muke yi."

Lawali ya zaro rokar daga buhu ya ajiye a tebur. Yahaya ya gyara tabarau. Ya juya ta sau ɗaya, ya bi gindin fiffike da babban yatsa, ya tsaya. Ya mayar da ita a hankali.

"Taka ce?"

"Duk ukun iri ɗaya ne."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Ni na kawo su garin nan. Ka rubuta haka."

"Ka san inda za a kai ka gobe?"

"Na sani."

Lawali ya mayar da rokar cikin buhu ya fita.

Rumfar Ɗanjuma na bakin tasha, cike da gawarwakin rediyo. Yana ganin kaki ya miƙe da ƙarfen narka dalma a hannu.

"Shef, in don rediyon matarka ne, wallahi gobe."

"Ina rokarka?"

Ɗanjuma ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci. Guntaye ne a ciki, farare da jajaye.

"Ga marigayiya. Tashinta na farko ta nufi gawo kamar an aike ta. Mushe ya ce in bar kol, abin mannawa, ya kwana ya bushe, ni kuwa na ce wa ke da wannan haƙuri. Fiffike ɗaya ya karkace. Shi ke nan."

"Da azahar kana ina?"

"Gindin lasifikar masallaci. In na matsa nan da can sai ta yi kukan jaki. Tambayi liman, har harara ta ya yi."

Lawali ya fito da fiffiken daga aljihu. "Wannan aikin wa ne?"

Ɗanjuma ya daina dariya. Ya kai shi wajen haske.

"Ba na Mushe ba ne. Shi farin kol ɗin Turai yake sawa, kuma sai ya goge bakin fiffike da takarda mai yashi har ya yi kamar wuƙa. Wanga bakinsa a tsaye yake. Kuma duba nan." Ya lashi yatsa ya murza gindin katakon, ya miƙo. Wurin ya yi danƙo. "Ƙaro ne. Sani ke dafa ƙaro, ya manna, sa'an nan ya bi kusurwar da siririn yankin takardar buhun siminti. Ya ce kol ɗin Turai na masu albashi ne. Mun yi mai dariya, amma nashi bai taɓa ɓallewa a sama ba."

"Wane Sani?"

"Ɗan Ɗan Baba. Na tunga." Ya ajiye fiffiken kamar ya ƙona shi. "Shef, yaron nan ba zai yi haka ba."

"Suna shiri da ubansa?"

Ɗanjuma ya sosa ƙeya. "Tsohon ya ce mutane na mutuwa da yunwa shi yana wasan yara. Ya ce in ya sake ganin abin zai sa a murhu. Sun yi kwanaki ba su magana."

Lawali ya tsallaka cikin tasha ya sami sarkin tasha. Sani ya tashi ranar Talata da kamyo, babbar motar kaya, cike da dawar taimako, zuwa Dakoro. Lawali ya koma biro, ofishinsu, ya sa aka buga wa birgad ta can waya. Kamyon na tsaye a Dakoro, an cire masa ƙafa ɗaya, direban na kwance a ƙarƙashinsa tun Laraba yana jiran kayan gyara.

Da safe ya buɗe ɗakin tsaro.

"Kana da wadda za ta tashi?"

"Sabuwar ta tsage shekaranjiya wajen sauka. Sai tsohuwar, ta Kanada. Kartush ɗaya ya rage mini."

"Ɗauko su. Ina so in gani da idona."

Suka je busasshen filin tabki, su biyu da Ɗanjuma ɗauke da batir. Tsohuwar Tsattsewa ta yi ruwan ƙasa don tsufa, an yi mata faci wuri biyu. Yahaya ya yi aikinsa bai kalli kowa ba. Ya cire kan, ya cusa takarda a ciki, ya naɗe wata 'yar laima ta leda ya zura, ya mayar da kan. Ya tura kartush ta gindi, wani abu kamar guntun rake mai cike da albarushi. Ya kafa siririyar sandar ƙarfe a kan katako, ya zura rokar a jikinta ta wani ɗan bututu da ke manne a gefenta.

"Mi ne amfanin wannan?" in ji Lawali.

"Shi ke riƙe ta a sanda har ta yi gudu. In babu shi, ƙasa za ta bi."

"Yaushe ake manna shi?"

"A ƙarshe."

Suka ja baya. Ɗanjuma ya haɗa waya. Aka ji fuu, rokar ta bar sandar da wuta a gindi. Kafin Lawali ya gama ɗaga kai wutar ta mutu. Farin hayaƙi ya bi ta sama, ya tsinke. Can ƙololuwa aka ji ɗan fas, ta rabu biyu, laima ta buɗe. Ta yi ta lilo tana saukowa, a hankali, kamar an ɗauro ta da zare, ta kwanta a kan tsagaggiyar ƙasa.

Lawali ne ya fara isa. Kan na gefe, roba ta riƙe shi da jikin. Laimar na shimfiɗe. Ya taɓa gindin, ɗumi kawai. Ya shinshina cikin bututun, warin albarushi ya buge shi, baƙi ya ɓata masa yatsa.

Ya koma mota ya ɗauko wadda aka samu a tunga daga cikin buhu. Ya gwada ta a jikin sandar. Babu ɗan bututu. Ya ja kan ya fita, laima na ciki a naɗe, fes. Ya leƙa ta gindi, babu kartush. Ya shinshina. Fenti.

"Wannan ba ta taɓa barin ƙasa ba," ya ce.

"Na gani tun jiya," in ji Yahaya.

"Don mi ba ka faɗa ba?"

"In roka ta faɗo bisa rumbu, tsautsayi ne, kuma nawa ne. In ba ta tashi ba, wani ya sa wuta da gangan, kuma ga hannun Sani a jikinta. Ka san abin da za su yi mai."

"Sani na Dakoro, ƙarƙashin kamyo, tun Laraba."

Yahaya ya cire tabarau. Ya zauna a ƙasa, a inda yake.

"Kuma ko yana gari," in ji Lawali, "wanda ya iya haɗa ta ba zai soke ta da ka kamar kibiya ba. Ɗanjuma, kai shi biro. Ku jira ni."

Hadari na haɗuwa a gabas lokacin da ya isa tunga. Ya ce a kira masa mai gida da ƙanensa kaɗai. Suka zauna a zaure, Ɗan Baba a kan buzu, Ɗan Azumi a bakin ƙofa. Lawali ya ajiye buhunan biyu a tsakiya.

"Ɗan Azumi, sake faɗa mini yadda ta faɗo."

"Kamar mashi, ranka ya daɗe. Kai a gaba."

"Da wuta?"

"Da wuta a bayanta, ja wur."

"Ba ka ga wani abu kamar laima ba?"

"Laima kuma? Babu."

"Ka taɓa zuwa kallo in suna harbawa?"

"Ni? Ina da aikin yi. Daga nan dai muna hango tashinsu."

"Tashinsu kuke hangowa. Saukarsu ba ku gani, don wuta ta riga ta mutu." Lawali ya juya wajen tsohon. "Baba, ka saurare ni. Yau na sa an harba ɗaya a gabana. Wutar ba ta kai ko rabin hanya. A sama take rabuwa biyu, ta sauko da laima, a huce. Ko a kan auduga ta faɗa ba za ta kama ba. Wadda aka samu a nan ba a gama haɗa ta ba. Babu albarushi a cikinta, laimarta na naɗe. Daga waje aka kanga mata wuta, aka soke ta a ƙasa yadda mai farauta ya saba ganin kibiya. Ta ɗanka Sani ce. A ina yake ajiye ta?"

Ɗan Baba ya ajiye carbi. "A ɗakinsa. Na ce ya fitar mini da ita daga gida. Ya rataye ta a bayan ƙofa."

"To wanda ya ɗauko ta ɗan gida ne, kuma bai san yadda take aiki ba. Miƙo hannunka, Baba."

Ya juye ƙaramin buhun a tafin tsohon. Baƙaƙen ƙwayoyi, 'yan kaɗan. Ɗan Baba ya murza su.

"Abin da na samu ke nan cikin tokar duka. Ka taɓa ganin rumbu cikakke ya ƙone?"

"Na gani. Ina yaro."

"Yaya yake yi?"

"Kwana da kwanaki yana ci ta ciki. Ya bar tudu, baƙi ƙirin." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba a iya kusantar shi."

"Naka da la'asar na sa hannu har ƙasa. Kara ne da ciyawa suka ƙone. Kaji sun daina zuwa ƙarƙashinsa tun sanyi, don babu abin da ke zubowa. Tun sanyi kuma mutum ɗaya ke hawa ya leƙa ya ce maka lafiya lau. Shi ke da amalanken jaki. Shi aka bari gadi. Shi kaɗai ya ga abin da ba ya yiwuwa. An yi ruwa a Sarkin Yamma, ya san ko yau ko gobe za ka ce a buɗe."

Iska ta fara kaɗa zana a waje.

"Ɗan Azumi," in ji tsohon, bai juya ba.

"Yaya."

"Ina geron?"

"Kasuwar Jibiya." Kansa na ƙasa. "Da sanyi ya yi tsada. Na ce in sayar, in ya sauka in sayo in mayar, har da ƙari. Bai sauka ba, Yaya. Kullum hawa yake. Na sake ɗiba don in cike na farko."

"Ka tsaya a gabana ka ce rumbu na nan har baki."

"Na faɗa."

"Ka kuma ɗauki abin ɗana."

"Na ɗauka duk na malamin ne. Na ce shi ɗan gwamnati ne, ba abin da za a yi mai."

"Jiya da sanduna aka je gidansa," in ji Lawali. "Tashi."

Ɗan Azumi ya tashi ya nufi mota da ƙafarsa, ya hau baya ya zauna. Mata sun fito bakin zana. Delu ta kamo hannun mijinta ta kawo shi har wajen motar. Tsohon ya laluba ya riƙe hannun rigar Lawali.

"Ɗana, tsaya ka ji. Geron ya tafi, ba ya dawowa. Uwarmu ɗaya da shi. Yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. In aka ce ɗan gidan nan ya ci rumbun gandu, har jikoki ba su ɗaga kai a kasuwa. Ka rubuta tsautsayi ne. Abin wasa ya faɗo daga sama, Allah ya hukunta. Ni zan je gaban suparfe in ce na yafe wa malamin. Na yafe, duniya da lahira. Sauran mu gyara a cikin gida."

"In na rubuta haka, Baba, malamin ya ƙona hatsi ke nan. Ko ka yafe, soja ba su yafe ba. In ma sun sake shi, a garin nan babu uban da zai sake tura mai ɗa."

"Baƙon ilimi ne. Sai a mayar da shi wani gari."

"Nan aka haife shi. Nan uwarsa take."

"Ina roƙonka."

"Na ji, Baba."

Lawali ya zare hannun tsohon daga rigarsa, a hankali, ya mayar wa Delu. Ɗigon farko ya faɗo a kan ƙarfen motar, sa'an nan na biyu. Babu wanda ya ɗaga kai. Ya zagaya baya ya tura ƙofar ta rufu a kan Ɗan Azumi, ya murɗa mariƙin.

"Zan faɗa wa suparfe gidan nan na buƙatar dawar taimako da iri," ya ce. "Ɗan Azumi za shi Maradi. Mushe zai koma ajinsa."